Wa ke yanke wa kwamfuta ranar mutuwa? Daga Ikeja zuwa teburin sauyin yanayi

Ranar 14 ga Oktoban 2025 kamfanin Microsoft ya janye hannunsa daga Windows 10, bayan shekara goma yana kula da ita. Washegari babu kwamfutar da ta ƙi tashi. Mai shagon buga takardu a Agege ya kunna tasa ya ci gaba da yi wa yara rajistar jarrabawa, mai riƙe wa dillalan albasa lissafi a Mile 12 ya buɗe aikinsa kamar kullum, ɗalibai a Idi-Araba suka ci gaba da rubuta aikin makaranta. Shi ya sa da yawanmu suka ɗauki labarin a matsayin hayaniyar masu fasaha kawai. Ni kuwa ina ganin wannan rana ta shafi mazauna Legas fiye da yadda ta shafi mutanen Landan, kuma ta hanyar da rigimar sauyin yanayi ke bi ta iso mana, ta nan ita ma ta biyo.

Sai an fara fahimtar abin da aka janye. Babbar manhaja, wato irin su Windows da macOS da Linux, da Android a waya, ita ce ke tsakanin ƙarfe da mai amfani da shi. Ita ke raba wa sauran manhajoji ƙwaƙwalwa, ita ke gane firinta idan an jona, ita ke buɗe hanyar intanet, ita ke tantance wanda zai taɓa fayil da wanda ba zai taɓa ba. Miliyoyin layukan umarni ne da mutane suka rubuta, kuma aikin ɗan'adam ba ya rasa kuskure. Ɓarayin intanet sana'arsu ke nan, laluben irin wannan kafa. Idan aka gano wata, kamfani ya toshe ta ya aiko da gyaran. Microsoft takan yi haka a Talata ta biyu ta kowane wata. Wannan sabuntawar da ke cinye mana data, wadda kan tsare mutum ana ƙona man janareta yana kallon allo, ita ce tallafin da ake magana. Daga ranar da aka daina, duk kafar da aka gano za ta zauna a buɗe. A watan Mayun 2017 wata muguwar manhaja mai suna WannaCry ta bi ta irin wannan kafa ta kulle kwamfutoci a ƙasashe kusan 150, har asibitocin Ingila suka riƙa mayar da marasa lafiya gida. Bayan batun tsaro kuma akwai zaizayewa a hankali: manhajar shiga intanet ta Chrome ta daina sabunta kanta a kan Windows 7 a farkon 2023, kuma idan manhajar shiga intanet ta tsufa, shafukan banki da na rajista sukan fara ƙin buɗewa ɗaya bayan ɗaya.

To me ya hana kowa ya koma Windows 11, wadda ta fito tun Oktoban 2021, kuma kyauta ce ga mai lasisin Windows 10? Sharuɗɗa. Tana buƙatar wani ɗan guntun tsaro da ake kira TPM 2.0, wanda ke adana makullan sirri, sannan furosesa, wato guntun da ke yi wa kwamfuta lissafi, ta kasance daga ƙarni na takwas na Intel zuwa sama, wato waɗanda suka fara fitowa daga ƙarshen 2017. Kwamfutar da ba ta cika wannan ba, ko da batirinta garau ne, allonta ba tsaga, an bar ta a baya. Kamfanin nazarin kasuwa na Canalys ya ƙiyasta a ƙarshen 2023 cewa kwamfutoci kusan miliyan 240 za su iya zama shara saboda wannan sauyi.

Ba na cewa hujjar tsaron ƙarya ce. TPM na da amfani na gaske, kuma shekara goma na kulawa ya fi abin da yawancin wayoyin da ke aljihunmu suke samu nesa ba kusa ba. Apple ma ta sanar a 2025 cewa macOS Tahoe ce ta ƙarshe ga kwamfutocinta masu furosesar Intel. Kowane kamfani yana yanka irin wannan layi. Abin da ya dame ni shi ne wanda aka duba lokacin yanka shi.

Duk wanda ya taɓa shiga Computer Village, kasuwar kwamfutoci da wayoyi ta Ikeja, ya san irin kayan da ke tafiya. Sabuwa a kwali ta 'yan kaɗan ce, musamman tun da naira ta faɗi daga kusan 460 a dala ɗaya a tsakiyar 2023 ta haura 1,500 a 2024. Abin da talaka ke saye shi ne tokumbo: HP EliteBook, Dell Latitude, Lenovo ThinkPad, waɗanda ofisoshin Turai da Amurka suka yi aiki da su shekara uku zuwa biyar suka sauya. Kayan nan masu ƙwari ne, don an ƙera su ne domin aikin ofis, kuma a hannun masu gyaran Ikeja sukan ƙara shekara biyar ko fiye. Daga nan ake lodinsu zuwa Kano da Kaduna da Sakkwato, har Yamai da Maraɗi. Wato rayuwar kwamfuta a wurinmu daga inda ta Bature ta ƙare take farawa. Idan kamfani ya lissafa cewa na'urar 2016 ta tsufa, lissafinsa daidai ne a Jamus. A Agege wata ce aka saya bara da kuɗin adashi.

Ga abin da zai faru, kuma ya fara: ofisoshin can za su sako ƙarni na shida da na bakwai da yawa, farashinsu ya sauka, mai saye ya ga araha. Za ka ji mai shago yana cewa, “Alhaji, wannan Core i7 ce, ta fi waccan i5 ɗin ƙarfi,” ba tare da ya ambaci ƙarninta ba. Gane shi ba wuya. A irin waɗannan ƙarnuka, lambar farko bayan ɗan layin da ke cikin sunan furosesar ita ce ke faɗa: i7-6600U ƙarni na shida ce, i5-8250U na takwas. Ta biyun ce ke karɓar Windows 11 ta halastacciyar hanya. Masu gyara sun san dabarun tsallake sharuɗɗan su ɗora ta a kan tsohuwa, kuma takan yi aiki, sai dai kamfanin ya fito fili ya ce bai yi alƙawarin ci gaba da aiko wa irin wannan na'ura sabuntawa ba. Ya kamata a gaya wa mai saye haka kafin ya ƙirga kuɗi.

Ina ruwan wannan da ɗumamar duniya? Mutane kan ɗauka wutar da kwamfuta ke sha ita ce illarta ga muhalli. Ga laftof ba haka ba ne. Rahotannin da masu ƙera ta suke fitarwa da kansu sun nuna cewa mafi yawan hayaƙin da ke wuyanta, sau da yawa kashi uku cikin huɗu ko fiye, an riga an fitar da shi kafin ta shiga kwali: haƙar ma'adinai, narka alminiyam, ƙera allo, da masana'antun guntayen lantarki na Taiwan da Koriya ta Kudu da Sin masu shan wuta da ruwa ba kaɗan ba. Kobalt ɗin batiri kuwa kusan kashi 70 cikin ɗari na abin da duniya ke haƙowa daga Kwango yake fitowa. Ma'anar wannan ita ce duk shekarar da aka ƙara wa laftof tana aiki, an jinkirta ƙera wata ke nan. Yaron da ke zaune a ƙarƙashin lema a Ikeja yana cire tsohon rumbun ajiya yana sa mai sauri da ake kira SSD, yana ƙara ram, wato ƙwaƙwalwar aiki, yana sauya batiri, aikin rage hayaƙi yake yi, ko da ba a taɓa gaya masa ba kuma ba wanda ke biyansa ladan hakan.

Akwai togaciya guda. Tsohuwar kwamfutar tebur mai ƙaton allo irin na talabijin ɗin da tana shan wuta ninkin ta laftof sau da yawa, kuma a garin da wutar daga janaretan fetur take zuwa, riƙe ta ba tattali ba ne ga aljihu ko ga iska.

A tsarin Majalisar Ɗinkin Duniya, ana rubuta wa ƙasa hayaƙin da ya tashi a cikin iyakarta ne. Laftof ɗin da aka harhaɗa a Sin, hayaƙinta na Sin ne, ko da kamfanin Amurka ne ya ci ribar, ma'aikacin Holan ne ya more ta. Sabuwar da aka ƙera don maye gurbin wadda manhaja ta yi wa ritaya, a littafin wanda ya ƙera ta take shiga, ba a na wanda ya yanke hukuncin ritayar ba. Microsoft ta yi alƙawari a Janairun 2020 cewa kafin 2030 za ta riƙa cire hayaƙi daga sararin samaniya fiye da wanda take fitarwa, amma rahotonta na 2024 ya nuna hayaƙin nata ya ƙaru da kusan kashi 29 cikin ɗari tun 2020, akasari saboda gina manyan cibiyoyin adana bayanai. Wannan ma ban da miliyoyin na'urorin wasu kamfanoni da hukuncinta ya taɓa.

Wanda ya bi tarihin tarukan yanayi zai ga fuskar da ya sani. Tun a Riyo a 1992 aka amince cewa alhakin na kowa ne amma nauyin ba ɗaya ba, domin waɗanda suka yi shekara ɗari biyu suna ƙona kwal su suka cika sama da hayaƙi. Afirka gaba ɗayanta ba ta kai kashi 4 cikin ɗari na abin da duniya ke fitarwa ba. A Kofanhegan a 2009 ƙasashe masu arziki suka yi alƙawarin dala biliyan 100 duk shekara kafin 2020. Sai a 2022 aka cika, kuma kaso mai yawa rance ne da za a biya. A Faris a 2015 aka sa burin kada zafi ya haura digiri 1.5. A Sharm el-Sheikh a 2022 aka amince da asusun asara da ɓarna, bayan shekara talatin ana roƙo, kuma alƙawuran farko da aka yi masa a Dubai a 2023 ba su wuce kusan dala miliyan 700 ba. A 2022, shekarar da aka amince da asusun, ambaliya ta kashe mutum sama da 600 a Najeriya ta raba fiye da miliyan ɗaya da gidajensu. A Baku a 2024 ƙasashe masu tasowa suka nemi dala tiriliyan 1.3, aka tashi da biliyan 300 a shekara zuwa 2035, wakiliyar Najeriya ta miƙe a zauren ta yi watsi da adadin. Amurka kuwa, wadda ta fi kowa tara hayaƙi a tarihi, ta fice daga yarjejeniyar Faris a 2020, ta dawo a 2021, sannan Donald Trump ya sake sa hannu kan ficewa ranar 20 ga Janairun 2025. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Batun shara ma yana da nasa tarihin, kuma Najeriya na tsakiyarsa. A 1988 aka gano dubban gangunan sinadarai masu guba da aka kwaso daga Italiya aka jibge a garin Koko, a Jihar Delta ta yanzu. Fushin da ya biyo baya yana cikin abin da ya haifi yarjejeniyar Basel ta 1989 kan safarar shara mai haɗari, da ta Bamako ta 1991 wadda ƙasashen Afirka suka ƙulla don hana shigo da ita. Amurka ta sa hannu a Basel amma har yau ba ta tabbatar da ita ba. Kafar da ta rage a dokar ita ce kalmar “kayan hannu”: abin da ke aiki haja ne, wanda ba ya aiki shara ne, kuma ba mai iya kunna kowace na'ura a cikin kwantena a Apapa ko Tin Can. Wani bincike da Jami'ar Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi a tasoshin jiragen ruwan Legas a 2015 da 2016 ya gano ana shigo da kusan tan 60,000 na tsofaffin kayan lantarki a shekara, aƙalla tan 15,000 daga ciki matattu ne, kusan kashi uku cikin huɗu daga tasoshin Tarayyar Turai, da yawa an cusa su ne a cikin motocin tokumbo. Daga 1 ga Janairun 2025 an tsaurara Basel ta yadda duk sharar lantarki sai da izinin ƙasar da za a kai wa. Amma laftof ɗin da ke tashi lafiya, wadda manhajarta ce kawai aka yanke wa tallafi, a wane ɓangare take? A takarda haja ce.

Ƙarshen tafiyarta kuwa mun san hannun da take faɗawa, domin 'yan'uwanmu ne. 'Yan gwangwan da ke tura baro a lungunan Legas, da masu tsince a bolar Olusosun ta Ojota, da masu fasa kaya a kewayen kasuwar Alaba, akasarinsu matasa ne daga Arewa. Suna fasa na'ura da guduma, su ware alminiyam da allon lantarki, su tara wayoyi su cinna musu wuta don robar ta narke tagulla ta fito. Baƙin hayaƙin robar nan yana ɗauke da guba mai taruwa a jiki. Dalma na cikin likin allunan da gilashin tsohon talabijin. Fitilar tsofaffin allunan laftof na da sinadarin makuri. Ba safar hannu, ba abin rufe hanci, sai madarar gwangwani da wasu kan sha da yamma da imanin tana wanke ƙirji. Ba ta wankewa. Idan firji ko na'urar sanyaya ɗaki aka fasa, iskar da ke ciki ta tsere sama, kuma irin wannan iska ta fi kabon riƙe zafi sau ɗaruruwa har dubbai. Wasu daga cikin yaran nan sun baro gida ne saboda rashin tsaro, wasu saboda gona ta daina ciyar da gida, damina ta rikice. Wanda yanayi ya koro daga Yobe ko Jigawa, shi ne ke shaƙar hayaƙin sharar waɗanda suka rikita yanayin. Wannan yana ci mini rai ƙwarai. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2024 ya ce duniya ta zubar da tan miliyan 62 na sharar lantarki a 2022, kashi 22 cikin ɗari kawai aka tattara aka sarrafa ta hanyar da ta dace, a Afirka kuma bai kai kashi 1 ba.

Ba na goyon bayan masu cewa a hana shigo da kayan hannu baki ɗaya. Yin haka zai raba ɗaliban talakawa da kwamfuta, ya kashe kasuwar da ke ciyar da dubban gidaje. Abin nema shi ne na'urar ta daɗe tana aiki.

Turawa sun nuna ana iya tilasta wa kamfani. Microsoft ta buɗe shirin ƙarin shekara guda na sabuntawar tsaro ga Windows 10, wanda ake shiga da dala 30, ko da makin lada na kamfanin, ko ta hanyar haɗa saitin kwamfutarka da rumbunsu na intanet. Ƙungiyoyin kare masu saye a Turai suka matsa, aka sauke wa mutanen yankin waɗannan sharuɗɗa, ya rage kawai su shiga da asusun Microsoft. Tarayyar Turai ta kuma kafa doka, wadda ta fara aiki a Yunin 2025, cewa wayar da za a sayar a kasuwarta dole a ci gaba da sabunta babbar manhajarta aƙalla shekara biyar bayan an daina sayar da samfurin, kayan gyaranta kuma su samu har shekara bakwai. Sun iya haka ne saboda kasuwa ɗaya suke magana da murya ɗaya. Najeriya na da mutum sama da miliyan 200, akwai ECOWAS, akwai yarjejeniyar ciniki ta nahiyar Afirka. Hukumar NESREA mai kula da dokokin muhalli a Najeriya, wadda aka kafa a 2007, tana da ƙa'idojin da ke ɗora wa masu ƙerawa da masu shigo da kaya alhakin sharar kayansu. Abin da ya kamata a ƙara shi ne tsawon ran manhaja ya shiga cikin sharuɗɗan, kuma a rubuta wa mai saye ƙarara ranar da tallafin na'ura zai ƙare. Ƙasar da ta yi alƙawari a Gilasgo a 2021 cewa za ta daidaita hayaƙinta kafin 2060, ta kuma kafa dokar sauyin yanayi a shekarar, tana da hurumin kai wannan magana teburin duniya, ta nemi a lissafa gyara da tsawaita ran kaya cikin ayyukan da kuɗin yanayi zai tallafa, har da samar wa 'yan gwangwan injin feƙe waya da wurin aiki mai tsabta maimakon korarsu daga unguwa zuwa unguwa.

Kafin gwamnati ta motsa, akwai ƙofar da ke buɗe. Linux, wadda wani ɗalibi ɗan Finlan mai suna Linus Torvalds ya fara a 1991, kyauta ce, kuma babu wani kamfani guda da ke da ikon rufe ta. A kanta aka gina Android, don haka mai wayar Tecno ko Samsung ya daɗe yana amfani da ita bai sani ba. Nau'o'inta irin su Ubuntu da Linux Mint suna tashi lafiya a kan laftof ɗin 2013, suna samun sabuntawar tsaro na shekara biyar ga kowane babban fitowa, kuma akwai tsarin madannai na Hausa a ciki mai ƙ da ɗ da ɓ. Jihar Schleswig-Holstein ta Jamus ta yanke shawarar mayar da kwamfutocin gwamnatinta kusan 30,000 kan Linux da LibreOffice, manhajar rubutu da lissafi ta kyauta mai kama da Word da Excel. Ga ɗalibi, ko limamin da ke rubuta huɗuba, ko mai shagon da aikinsa rubutu ne da lissafi da intanet, ta wadatar. Ga mai zanen katin biki da kalanda wanda abincinsa ke kan CorelDRAW ko Photoshop, ba ta wadatar ba, don waɗannan ba sa tashi a kanta kai tsaye. Wasu firintocin sukan ba da wahala, takardar Word mai tsari da yawa kan ɗan karkace a LibreOffice. Babbar matsalar ma ta mutane ce: idan ta rikice, masu gyaran da suka san ta ba su da yawa, kuma maigidan da ya koyar da yaro sana'a Windows ya koya masa. Ƙungiyoyin 'yan kasuwarmu na Agege da Alaba Rago da ke tara kuɗi don hidimomi da dama za su iya ɗaukar nauyin horar da matasa kaɗan a kan wannan, kuma kasuwa ce da za ta buɗe.

Mai son zama a kan Windows 10 kuma, ya duba abu biyu. Na farko, ta kasance ta asali. Yawancin laftof ɗin ofis da ke shigowa suna ɗauke da lasisinsu a cikin jikin na'urar, amma wasu masu gyara, don sauri, sukan ɗora ta bogi su kuma kashe sabuntawa wai don kada ta ci data. Mai kwamfuta ya nemi a ɗora masa ta asali, sau da yawa za ta gane lasisin da kanta. Na biyu, ta kasance fitowa ta ƙarshe mai lamba 22H2, domin ita kaɗai ke shiga shirin ƙarin wa'adin. Shi ma shirin, ga masu amfani na gida, lokacin da aka buɗe shi a 2025 an yanka masa wa'adi ne zuwa ranar 13 ga Oktoban 2026.